Marayun da Ke Cikin Akwatin Lefe

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda maiɗakina ta riga ta kai ƙarata wurin ƙannena mata, su kuma ba a san su da riƙe magana ba, gara in faɗa da bakina kafin labarin ya zagayo ya same ni da gishiri. E, ni ne na kwashe atamfofi da lesukanta daga babban akwatin lefenta, na ɗura su a buhu, na jera kaset-kaset ɗin bidiyo a gurbinsu. Hujjar da na ba ta ranar, har gobe ina ganin mai ƙarfi ce: akwatin yana rufuwa ruf, ƙurar hunturu ba ta shigarsa, kyankyasai ma sun haƙura da shi. Atamfa in ta yi ƙura a wanke a goge. Kaset fa? Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce, "Malam, Allah ya shirye ka," ta ja buhunta. Kwana uku tuwona ta hannun yara yake zuwa.

Na ba hamsin baya da daɗewa, na ajiye alli, ina da jikoki. Ba na shan taba, ba na caca, ba na zaman majalisa har tsakar dare. Ciwona ɗaya ne: tara tsofaffin finafinai. Su ma ba kowane iri ba, sai wanda aka tarwatsa gida a cikinsa. Uwa ta nemi ɗanta ta rasa, wa da ƙane su rabu a tashar jirgin ƙasa, a raba tsoho da tsohuwarsa bayan furfura. In fim ya fara ya ƙare kowa yana gidan ubansa lafiya lau, ba na ɓata kuɗina. A ƙidayar da na yi da azumin bara, kaset 231 ne, ban da faya-fayan sidi da ke cikin kwalin taliya a ƙarƙashin gado.

A silimar Plaza ta Fagge na kwaso ciwon, ƙarshen shekarun 1970. A zamanin, yaron da aka gani a ƙofar silima an gama masa suna a unguwa, don haka sai an sallame isha'i nake sulalewa in bi bayan yayana, yana korata ina maƙale masa kamar kaska. Daren da ya gaji ya biya mini kuɗin shiga, Waqt ake nunawa. Tsohon fim ne tun a lokacin, na 1965, kwafin ya sha jiki, yana tsinkewa ana ihu ana zagin mai inji. Labarin wani attajiri ne, Lala Kedarnath, mai 'ya'ya maza uku, da ya tara jama'a yana shagali yana tsara wa kowane ɗa abin da zai zama, kamar ƙaddara a aljihunsa take. A daren aka yi girgizar ƙasa. Babban ya tashi ɓarawo, na tsakiya wasu masu hali suka tsince shi ya zama lauya, ƙaramin ya girma hannun uwa cikin talauci yana tuƙin mota, uban kuma ya ƙare a kurkuku. Sai a ƙarshe, a gaban alƙali, aka gane juna. Ni dai ban jira an kai kotu ba, tun daga faɗuwar gini nake sheshsheka. Yaya ya mintsine ni a cinya ya ce, "In ka ƙara yi mini kuka a gaban mutane, ba na sake zuwa da kai." Na ƙara, ya kuma sake zuwa da ni.

Daga nan sai abin ya zama jiki. Yaadon Ki Baaraat na 1973, wanda Dharmendra, Sarkin Ƙarfi a bakin 'yan silimar Kano, ya gane ƙannensa ta waƙar da suka koya a gida suna yara. Amar Akbar Anthony na 1977, inda uba ya ajiye yara uku a gindin gunkin Gandhi, ɗan sanda Bahinde ya ɗauki ɗaya, tela Musulmi ya ɗauki ɗaya, limamin coci ya ɗauki ɗaya, suka girma suka haɗu a asibiti suna ba wata makauniya jini a lokaci guda, ba su san uwarsu ba ce. Wani abokina likita ya ce asibitin da ya yi wannan ƙarin jinin rufe shi ya kamata a yi. Ban ƙara kallon fim da shi ba. Uwar kuwa Nirupa Roy ce, matar da ban san wata da ta kai ta ɓatar da yara a fim ba. Da a unguwarmu take, da tuni mai unguwa ya hana ta fita da ɗan kowa.

Da a nan na tsaya, da sauƙi, don waɗannan kowane sa'ana ya san su. Inda abin ya ɓaci shi ne ranar da na lura ba kallon ne ke yi mini daɗi ba kamar in ce "ina da shi" a gaban wanda bai taɓa jin sunansa ba. Fim in ya yi suna, ya fita a raina. Sai na koma farautar waɗanda ko mai shago ya ji sunansu sai ya ce in maimaita.

Haka na samo Garm Hava, fim ɗin M.S. Sathyu da aka yi a 1973, ta hannun wani ɗalibina da ya je karatu Indiya. Kuɗin da na ba shi, a gida na ce na gyaran babur ne. Babu rawa a kan dutse, babu girgizar ƙasa. Wani mai masana'antar takalma ne a Agra, Salim Mirza, Musulmi, bayan an raba Indiya da Pakistan a 1947. 'Yan uwansa suna tafiya Pakistan ɗaya bayan ɗaya, shi yana raka su tasha yana dawowa. Banki ya ƙi ba shi rance don kada ya gudu da kuɗin, gidan gadonsu ya fita daga hannunsu. Balraj Sahni ne ya fito a Salim Mirza, shi ɗin dai da girgizar ƙasa ta watsa wa gida a Waqt, kuma yana gama ɗora muryarsa a fim ɗin ya rasu, a watan Afrilun 1973. Amma ni tsohuwar ce ta kama ni, mahaifiyarsa. Ranar tashi aka neme ta aka rasa, ashe ta shige wani lungu na gidan ta ɓuya, ta ce nan aka kawo ta tana amarya, ba inda za ta. Ɗaukar ta aka yi. Da ajali ya matso, ɗan ya roƙi sabon mai gidan, aka mai da ita can ta cika. Ku riƙe mini wannan tsohuwa, zan dawo kanta.

Sai Make Way for Tomorrow, na Amurka, 1937, baƙi da fari. Tsoho da tsohuwa, shekara hamsin da aure, 'ya'ya biyar, banki ya ƙwace gidansu, kuma babu ɗan da ke da wurin mutum biyu. Ɗaya ya ɗauki uwa, ɗaya ta ɗauki uba, wai na ɗan lokaci. Orson Welles ya taɓa cewa fim ɗin zai sa dutse kuka, ni kuwa ko hoge ban kai ba. Lokacin da Baghban ya fito a 2003, matan gidanmu suna ta sharar hawaye don an raba Amitabh da Hema Malini, na tsaya a bakin ƙofa na sanar da su cewa Amurkawa sun riga su da shekara 66, kuma a na Amurka ba a sake haɗa tsofaffin ba. Babu wadda ta tambaye ni. Wannan ma wani reshe ne na ciwon: mai tara kaya ba ya iya ganin mutane suna jin daɗi da kwafi na biyu ya yi shiru.

Girman kan nawa ya gamu da gamonsa a kan Meghe Dhaka Tara, na Ritwik Ghatak, 1960, labarin wata budurwa 'yar gudun hijira daga gabashin Bengal da take ɗauke da gidansu kaf a gefen Kalkata har tarin fuka ya kwantar da ita. Faifan da na samu da harshen Bengali yake, babu fassara ko layi ɗaya. Sau uku na kalle shi ina gyaɗa kai kamar ina ji. Rannan autana ya leƙo, ya karanta sunan a jikin kwali, ya danna wayarsa, kafin in gama kurɓar shayi ya miƙo mini. "Baba, ga shi nan a intanet, har da fassara, kuma ya fi naka haske." Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin da na yi shekara huɗu ina nema, ga shi a tafin hannun yaron da ko minti biyar ba zai iya kallonsa ba.

Wannan ya sa na juyo gida, inda waya ba ta cika kai hannu ba. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, Kano ta yi shekara goma sha tana zuba finafinai a kaset, Ƙofar Wambai da Bata suna rarraba su har Nijar da Kamaru. Da sidi ya zo, sannan masu tura fim a waya suka biyo baya, sai kaset ya zama shara. Wasu an ɗora wani abu a kansu, wasu yara sun fasa sun ja zaren, na ga manomi ya kewaye gonar gero da shi yana korar tsuntsaye. Kuma kun san yadda ake sayar da fim ɗinmu: na ɗaya daban, na biyu daban, wani har na uku. Masu shagon haya da suka watse, kayansu ma suka watse. Sai ka tarar da na ɗaya a Kano, na biyu kuwa Allah kaɗai ya san inda ya faɗa.

To a nan ne haukan ya cika. Na taɓa hawa mota takanas har Funtuwa saboda na biyun wani fim da ko waɗanda suka fito a ciki ba na jin suna tuna shi. Da na dawo na ajiye shi kusa da ɗan uwansa a cikin akwati, kwali ya jingina da kwali, sai na ji idona ya kawo ruwa, kamar ina kotun Waqt. Waɗanda har yanzu ba a samo musu 'yan uwa ba su 38 ne, a gefe guda nake jera su. Yarana suna kiran gefen gidan marayu. In baƙo ya zo aka ce ina ciki, sai ka ji wani ya ce, "Baba yana wurin marayunsa," baƙon ya yi ta sa mini albarka.

Babban abin da na fi nema dai Shehu Umar ne. Littafin kowa ya karanta a makaranta: na Abubakar Tafawa Ɓalewa, cikin waɗanda aka buga a 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya, tare da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. In ana maganar watsewar gida a adabinmu, daga shi ake farawa. An sace yaro yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano ya ƙetara sahara da shi ya mai da shi ɗa, uwa ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, da suka haɗu a ƙasar Larabawa ba ta daɗe ba ta rasu. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a Shehu Umar. Daga baya fim ɗin ya yi ɓatan dabo, kamar shi yaron.

Wajen 2009 wani mai tebur a wata kasuwa da ba zan ambata ba ya ja ni gefe, ya zaro kaset daga ƙarƙashin buhu. An rubuta SHEHU UMAR da jan biro a jiki. Ya ce daga talabijin wani ya naɗa tun da daɗewa, ya rantse har da taɓa goshi. Naira 3,500 na ba shi, a lokacin da kaset ɗin haya ko ɗari bai kai ba. Na zo gida na yi wanka, na kori yara daga falo, na saka. Allo ya yi yayyafi, ya washe, sai ga wata farar Fijo 504 an ɗaura mata kintinkiri. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Bikin wasu ne, mutanen da ban taɓa gani ba, kwanan wata yana ƙiftawa a kusurwa, 1993.

Mai hankali zai cire ya koma kasuwa da sanda. Ni na zauna na kalla har ƙarshe, awa biyu da rabi. Ɗaurin aure a ƙofar wani gida mai koren ƙyaure, ana rabon goro da alawa, maroƙi yana ta kwarara. Kamu, masu kalangu, mata suna liƙi da naira biyar-biyar. Sai dare, aka zo ɗaukar amarya. Ta ƙanƙame ƙafar gadon uwarta, wata dattijuwa mai zane a kafaɗa tana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana yi mata magana a kunne, wani ƙaramin yaro, ina jin ƙanenta ne, ya bi motar da gudu har mai kyamara ya rasa shi a duhu. Maiɗakina ta shigo ta same ni ina fyace hanci. Ta dubi allo ta dube ni. "Malam, su wane ne?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ranar da aka kai 'yarka ko ɗigo ba ka yi ba, kana can kana faɗa da masu kujeru." Kaset ɗin yana nan, a gefen marayu.

Shi kuwa Shehu Umar na gaske, a 2016 aka tsinci gwangwanayensa a Legas, cikin wani tsohon gini na Hukumar Finafinai ta Ƙasa, da ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin farin ciki ne ga duk Bahaushe. Ni da na ji labari, abin da ya fara zuwa raina kishi ne: ba ni na tsinto shi ba.

Ina da kariyar da nake kafawa in an matsa mini. Nakan ce da babu irinmu da duniya ta yi asara. Alam Ara, fim mai magana na farko a Indiya, na 1931, ya ɓace ɗungurungum don babu wanda ya adana. P.K. Nair ya ƙarar da rayuwarsa yana bin lunguna yana tsinto gwangwanaye don ma'ajiyar finafinai ta Pune. Henri Langlois, wanda ya kafa ta Faransa a 1936, an ce har a bahon wanka ya tara finafinai. Da na kawo wa maiɗakina Hajiya wannan, ta ce, "Shi a bahonsa ya zuba ko a na matarsa?" Ta kuma tuna mini cewa su waɗancan ana kallon abin da suka tara. Nan ta taɓa inda ke ciwo, don injin bidiyona ya mutu shekara shida ke nan. Ya fara da cin kaset, na yi ta goge kan da auduga, rannan ya haɗiye wani na ɗaya ya ƙi amayarwa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ya rage yana ƙera injin, ya daina tun 2016. Wato ina da kaset 231 da ba ni da abin kunna ko ɗaya, wasu farin fumfuna ya fara fita a jikin zarensu. Nakan buɗe akwati in duba su, in sake jeri, in rufe.

Na ce zan dawo kan tsohuwar Agra. Da mahaifinmu ya rasu, aka sayar da gidanmu na cikin birni a 2011, aka raba gado. Mu goma sha ɗaya ne. Babu girgizar ƙasa, babu raba ƙasa, dillali ne kawai da takarda. Yaya ya nufi Mariri, ni Rijiyar Zaki, wasu Ɗorayi, ƙanwa ɗaya Zariya, ɗaya Abuja. Ranar kwashe kaya goggonmu, wadda a gidan aka haife ta kuma nan ta dawo bayan mijinta ya rasu, ta shige ɗakinta ta sa sakata. Mata suna roƙo ta taga, Yaya ya durƙusa a ƙofa yana "Goggo, ki yi wa Allah." Ni ina tsakar gida rungume da kwalin kaset, don ban yarda 'yan dako su taɓa shi ba, kuma abin da ke yawo a kaina shi ne: wallahi sak Garm Hava. Ban ajiye kwalin ba. A gidan Yaya ta rasu, shekara ba ta zagayo ba. Ba a mai da ita ko'ina ba, don kafin nan an rushe gidan an yi shaguna.

Tun daga nan zumuncin namu ya koma na waya, sai sallah ko rasuwa. Watannin baya Yaya ya gaji, ya hau a-daidaita-sahu da ciwon gwiwarsa ya zo. Ya same ni a ƙasa, akwatin lefe a buɗe, ina goge fumfuna da tsinken auduga. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Kai, tsakanin Rijiyar Zaki da Mariri girgizar ƙasa aka yi ne? Ko sai mun haɗu a gaban alƙali?" Ashe bai manta ba. Daga madafa na jiyo Hajiya tana dariya har da tari. Na ce, "Yaya, tuba nake. Juma'a in Allah ya yarda a gidanka zan ci tuwon dare."

Ranar Juma'a da safe aka bugo mini cewa wani mai gyaran rediyo a Wudil yana da injin bidiyo mai aiki. Wanda ya san Kano ya san hanyar Wudil ta Mariri take bi. A tafiya na ce sai a dawowa. A dawowa magariba ta kawo kai, ga inji a cinyata, na ce kada in shiga da shi gidan mutane yara su taɓa. Ta tagar mota na hango kwanar layinsu. Da na iso gida na jona, fitila ta kawo, ya yi wani gurnani, ya haɗiye kaset ɗin gwaji. Yanzu injina biyu ne, kowanne da kaset a cikinsa.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga mai karatu. Duk wanda aka yi bikinsa ko na 'yar uwarsa a 1993, gida mai koren ƙyaure, farar 504, ƙanen amarya ya bi mota da gudu, kaset ɗinku yana hannuna lafiya, ku zo ku karɓa, ba na son ko kwabo. Ku dai faɗa mini ko yaron ya dawo gida a daren. Wanda kuma yake da injin bidiyo mai rai, ya taimaka ya ba ni aro na mako ɗaya. Sai dai kada a aiko da saƙon ta hannun Hajiya. A kai gidan Yaya a Mariri, zan je in ɗauka.